Daga Landan zuwa Paris da Brussels a Jirgin Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar hutu ya matso, ko aka yi haihuwa ko biki a wajen dangi da ke Faransa ko Beljiyam, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a tsakanin mutanenmu mazauna Birtaniya: ɗalibai, ma'aikatan asibiti, da iyayen da suka zo ganin jikoki. Su ne na tattara a nan. Tafiyar kanta tana da sauƙi da daɗi, amma jirgin ƙasa bai ɗauke wa kowa dokar iyaka ba, kuma mafi yawan asarar da ake yi a wajen takardu ake yinta. Shi ya sa amsoshin biza suka fi sauran tsawo.

Da gaske ne jirgin ta ƙarƙashin teku yake bi?

Gaskiya ne. An haƙa hanya a cikin dutsen alli da ke ƙarƙashin ruwan da ya raba Ingila da Faransa, daga Folkestone zuwa Coquelles kusa da Calais. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 50, kuma kusan kilomita 38 daga ciki a ƙarƙashin teku suke. Ramuka uku ne a jere: biyu na jirage, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, sai ƙarami a tsakiyarsu na masu gyara da na ceto idan wani abu ya faru. Sarauniya Elizabeth ta biyu da shugaban Faransa François Mitterrand ne suka buɗe ta ranar 6 ga Mayu, 1994, jiragen fasinja na Eurostar kuma suka fara aiki a watan Nuwamba na shekarar.

Masu fargaba su kwantar da hankalinsu. Ba a ganin ruwa, ba a jin komai sai ɗan toshewar kunne. Taga za ta yi duhu na kimanin minti 20, fitilun tarago suna kunne, mutane na shan shayinsu, sai kawai haske ya dawo ka ga gonakin arewacin Faransa.

Daga ina yake tashi, kuma awa nawa ake yi?

Daga tashar St Pancras a Landan, tun shekarar 2007. Kafin nan daga Waterloo yake tashi. Zuwa Lille awa ɗaya da minti ashirin da 'yan kai ne, Brussels kimanin awa biyu, Paris kimanin awa biyu da minti ashirin, Amsterdam kuma wajen awa huɗu, ta Rotterdam. A fili yana gudun kilomita 300 a awa, a cikin ramin kuma yakan sassauta zuwa 160. Tun 2020 ba ya tsayawa a Ashford da Ebbsfleet, saboda haka mazauna Kent ma sai sun shigo Landan.

Wanda zai taso daga Leicester, Nottingham ko Sheffield a cikin St Pancras ɗin jirginsa zai sauke shi. Na Leeds da Newcastle a King's Cross, tsallaka titi kawai. Na Manchester, Birmingham da Liverpool a Euston, tafiyar minti goma a ƙafa.

Ina da izinin zama a Birtaniya. Shi ma sai na nemi biza?

Ƙwarai kuwa. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Izinin zama a Birtaniya, na karatu ne, na aiki ne, ko ma na dindindin, ba ya buɗe maka ƙofar Faransa. Fasfon da ke hannunka ake dubawa. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan sai da bizar Schengen, wato yankin ƙasashe 29 na Turai da suka ɗauke shingen da ke tsakaninsu. Birtaniya ba ta taɓa shiga wannan yankin ba, ko a lokacin da take cikin Tarayyar Turai.

Sharuɗɗan a fili suke. Fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a buga komai ba, kuma zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fita daga yankin. Sai inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, shaidar masauki, shaidar tikitin zuwa da dawowa, bayanan asusun banki, da takarda daga makaranta ko wurin aiki. Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardun. Bizar ta gajeren zama ce, kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ba ta aiki ba ce.

Idan a gidan ɗan'uwa za ka sauka a Faransa, wasiƙar gayyata da ya rubuta da hannunsa ba ta wadatar ba. Sai ya je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar da ake kira attestation d'accueil, ya aiko maka da ainihinta. Ka sanar da shi da wuri, don ita ma tana cin kwanaki.

Zan je Paris sannan in wuce Brussels. Wace ƙasa zan nemi bizarta?

Wadda za ka fi daɗewa a cikinta, ko wadda ainihin dalilin tafiyar yake can. Idan kwanakin sun zo daidai, sai wadda za ka fara shiga. Biza ɗaya ce za ta yi maka duka.

Akwai shawarar da ake yawan bai wa juna, wai ka nemi bizar ƙasar da layinta ya fi sauƙi, in ta fito ka tafi inda kake so. Ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Jami'in iyaka yana da ikon tambayarka masauki da tikitin dawowa, kuma idan labarinka ya saɓa da abin da ka rubuta, zai iya hana ka shiga, a kuma tuna da hakan duk ranar da ka sake nema. Sannan idan bizar ta fito, ka duba sau nawa aka ba ka damar shiga. In an rubuta 1, to da ka dawo Landan ta gama aiki, ko da kwanakinta ba su ƙare ba. MULT ita ce ta shiga da fita sau da yawa.

Tikiti zan fara saya ko biza zan fara nema?

Fara da neman ranar ganawa a cibiyar karɓar takardun biza, don ita ce ke wuya, musamman gab da hutun bazara da na ƙarshen shekara. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Da ka samu ranar ganawa, sai ka sayi tikitin da ya ba da tazarar makonni bayanta.

Farashin tikitin ba tsayayye ba ne: yana hawa ne gwargwadon cikar jirgi. Kujerar da aka saya wata uku kafin tafiya tana iya ninkawa sau uku ko fiye a makon tafiyar. Talata da Laraba da tsakar rana sun fi Juma'a da yamma da Lahadi sauƙi. Ka saya a shafin Eurostar ko manhajarsu, ka karanta sharaɗin canza rana kafin ka biya. Yawanci ana canzawa, sai dai za ka cika bambancin kuɗi idan sabuwar ranar ta fi tsada.

A ina ake duba fasfo, tunda jirgin ba ya tsayawa a kan iyaka?

Tun kafin ka hau. Ƙasashen sun yi yarjejeniya kowace ta ajiye jami'anta a tashar ɗaya. A St Pancras za ka nuna tikiti a ƙofa, a saka kayanka a na'urar bincike, a duba fitarka daga Birtaniya, sai ka taka 'yan taku ka tsaya gaban 'yan sandan iyakar Faransa, kana tsakiyar Landan. In sun sallame ka, ka shiga Schengen ke nan. A Paris sauka kawai za ka yi ka fita titi. A dawowa kuma jami'an Birtaniya ne za ka tarar a Gare du Nord, tashar da jirgin ke sauka da tashi a Paris, a saman bene, ko a tashar Brussels.

Daga 12 ga Oktoban 2025 Tarayyar Turai ta fara sabon tsarin rajistar shiga da fita ta kwamfuta, mai ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a maimakon hatimi. Ya ƙara tsawon layi, musamman ga mai shiga karon farko. Ga yawancin fasinja ana rufe ƙofa minti 30 kafin tashi, kuma ba a buɗe wa wanda ya makara. Wanda ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna, inda kake iya isa Idu ka hau cikin ɗan lokaci, ya ajiye wannan lissafin a gefe: ka zo da awa ɗaya da rabi a hannunka. Takardun da ka nemi biza da su, masauki, inshora da tikitin dawowa, su kasance a jakar hannu.

Me nake buƙata don in dawo Birtaniya lafiya?

Mutane sukan shagala da bizar tafiya su manta da ta komowa. Katin izinin zama na roba ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu izinin yana cikin asusunka na UKVI, wato hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya, a intanet. Kafin ka tashi ka shiga ka tabbatar lambar fasfon da za ka yi tafiya da shi ce a ciki. Wanda ya sabunta fasfo bai saka sabuwar lambar ba yana iya shan tsaiko a Paris, jirgi ya tafi ya bar shi. Ka fitar da lambar nuna shaidar izininka ka rubuta a takarda, kada ka dogara da cajin waya.

Ga wani gargaɗi da nake roƙon kowa ya isar wa na kusa da shi. Idan ka riga ka shigar da neman tsawaita izinin zamanka ko canza shi, amsa ba ta fito ba, kada ka fita. A dokar shige da ficen Birtaniya, fita zuwa Faransa a wannan hali daidai yake da janye neman. Ziyarar kwana biyu ba ta kai a yi asarar zaman shekaru a kanta ba. Iyayen da suka zo da bizar ziyara kuma su duba cewa ba za ta ƙare suna can ba.

Ni a Faransa, Beljiyam ko Jamus nake zaune. Zan iya hawa in je Landan da katin zamana?

A'a. Katin zama na ɗaya daga cikin ƙasashen Schengen yana ba ka damar ziyartar sauran, amma Birtaniya sai da bizarta. Wanda ya zama ɗan ƙasa ya karɓi fasfon Faransa, Beljiyam ko Jamus ba ya buƙatar biza don ziyara, amma tun Afrilun 2025 sai ya nemi izinin tafiya na intanet da ake kira ETA. A gida ɗaya ana iya samun uwa mai buƙatar biza da 'ya'ya masu buƙatar ETA, don haka a bi fasfon kowa ɗaya bayan ɗaya.

Kaya nawa aka yarda in ɗauka?

Nan jirgin ƙasa ya yi wa na sama nisa. Babba yana da manyan jakunkuna biyu, kowace kada tsawonta ya wuce santimita 85, da ƙaramar jakar hannu. Ba a auna nauyi, amma babu ɗan dako: kai za ka ja, kai za ka ɗaga ka ɗora a kan kantar da ke bakin tarago. Hajiya, in kin san ba za ki iya ɗaga jaka ba, ki raba ta biyu. A rubuta suna a jikin kowace. Ruwan sha, turare da man shafawa duk suna wucewa ba tare da ƙa'idar ƙananan kwalabe ba. Wuƙaƙe da abin da ke kamawa da wuta ba sa wucewa. Kuɗi a hannu da suka kai Yuro 10,000 sai an bayyana wa kwastan, haka fam 10,000 a ɓangaren Birtaniya.

Zan iya kai wa 'yan'uwa kilishi ko dambun nama?

Ba za ka iya ba, kuma na san abin da ciwo, don sau da yawa tsarabar da aka aiko daga gida ce ake so a raba da dangi. Tun Janairun 2021 Tarayyar Turai take ɗaukar Birtaniya a matsayin ƙasar waje, kuma ba a shigar da nama ko madara da abin da aka yi da su daga waje. Busasshe ne, soyayye ne, an naɗe shi da kyau, duk ɗaya: kilishi, dambu, man shanu, cuku, har burodin da aka saka nama a ciki. Abin da ka ɗauko don ci a hanya ka cinye shi kafin ka sauka.

Busasshen kifi yana da rangwame har kilo 20, zuma kilo 2, madarar jarirai ta gwangwani ma kilo 2. Dabino yana cikin 'ya'yan itatuwa ƙalilan da aka yarda da su ba tare da takarda ba. Garin kuka da yaji ba su shiga haramcin nama da madara ba. A ɗaya ɓangaren kuma, a Afrilun 2025 Birtaniya ta hana matafiya shigo da nama da cuku daga Tarayyar Turai saboda cutar dabbobi. Irin wannan doka tana sauyawa, a duba shafin gwamnati kafin a yi sayayyar dawowa.

Yaya tafiya da yara ko tsofaffi?

Yaron da bai kai shekara huɗu ba kyauta ne idan a cinya za a riƙe shi, daga 4 zuwa 11 kuma akwai farashin yara. Amma ko jaririn wata biyu ne sai da fasfonsa da bizarsa. Uwa ko uban da ke tafiya da yaro shi kaɗai ya riƙe takardar haihuwa da wasiƙar amincewar ɗayan. Ga Baba ko Inna da tafiya ke yi wa wuya, ana neman taimakon keken guragu kyauta, a sanar aƙalla kwana ɗaya kafin tafiya.

Sallah fa? Kuma wane agogo zan bi?

Faransa, Beljiyam da Holan suna gaban Birtaniya da awa ɗaya duk shekara, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da abin zai faru ne. Jirgin da ya tashi Landan ƙarfe 9 na safe zai shiga Paris wajen 12:20 agogon can. Wanda ya baro Paris ƙarfe 5 na yamma zai iso Landan wajen 6:20. Ga mai kiran gida: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Paris ɗaya yake da na Kano da Damagaram, sauran watannin kuma na Landan ne ya yi daidai da su.

Babu wurin sallah a cikin jirgin, bayin kuma ƙarami ne, alwala a ciki wahala ce. Ka fito da alwalarka. Abin da ya fi shi ne zaɓen jirgin da ya faɗo tsakanin lokuta biyu. A bazara wannan abu ne mai sauƙi. A hunturu kuwa, da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a Landan, Azahar da La'asar da Magariba a matse suke, kuma in ka haɗa zaman jira da tafiyar kanta kusan awa huɗu ne. Jirgin sassafe bayan Asuba ya fi dacewa a lokacin. Nisan ya zarce na ƙasaru nesa ba kusa ba. Hukuncin haɗa salloli da yawan kwanakin zama kuma a tambayi malami kafin a tashi. Mai azumi da faɗuwar ranar inda yake zai sha ruwa. A Paris, babban masallacin da aka buɗe a 1926 yana gunduma ta biyar, unguwar Château Rouge mai kasuwar kayan abincin Afirka kuma tana kusa da Gare du Nord.

Idan zan wuce Jamus, Suwizalan ko Sifaniya, za a sake duba ni?

Babu shinge kamar na St Pancras, amma fasfonka ya kasance a jikinka. Faransa ta dawo da bincike a iyakokinta tun Nuwamban 2015, Jamus kuma ta faɗaɗa nata zuwa dukkan iyakokinta na ƙasa a Satumban 2024. 'Yan sanda sukan shigo tarago su nemi takardu. Ka miƙa cikin natsuwa; mai biza sahihiya ba shi da abin tsoro.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne Paris ba tasha ɗaya gare ta ba. Jiragen Frankfurt da Stuttgart daga Gare de l'Est suke tashi, tafiyar minti goma a ƙafa daga Gare du Nord. Na Geneva, Barcelona da Milan daga Gare de Lyon, sai ka shiga jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira RER, layin D, tasha biyu. Ka bar tazarar awa ɗaya da rabi tsakanin jiragen. Mai zuwa Cologne ya fi masa sauƙi ya canza a Brussels, a tasha ɗaya. Tashar tana da suna biyu, Bruxelles-Midi da Faransanci, Brussel-Zuid da harshen Holan. Wuri ɗaya ne.

Ba gara jirgin sama ko bas ba?

Bas ya fi araha, amma yakan ci awa takwas ko fiye, kuma biza ɗaya ake nema. Jirgin sama yana iya yin sauƙi a ido, sai ka haɗa kuɗin jaka da na zuwa filin jirgi a ɓangarorin biyu ka ga ya kamo. Zuwa Paris, Lille da Brussels, ni jirgin ƙasa nake zaɓa wa mai iyali da kaya. Mai mota kuma yana da LeShuttle, wanda ke ɗaukar motoci daga Folkestone zuwa Calais cikin minti 35.

Idan jirgi ya makara ko aka soke shi, me zan yi?

Yana faruwa. A Disamban 2009 jirage biyar sun lalace a cikin ramin saboda dusar ƙanƙara, fasinja fiye da 2,000 suka maƙale. A ƙarshen Disamban 2023 ruwa ya cika wani rami kusa da Landan aka soke jiragen yini guda. A Maris 2025 kuma an tono bam na Yaƙin Duniya na Biyu kusa da layin Gare du Nord, zirga-zirga ta tsaya cak. Yajin aikin ma'aikata ma yakan taɓa jadawali.

Idan aka soke, kana da zaɓin canza rana kyauta ko a mayar maka da kuɗinka. Jinkirin awa ɗaya zuwa ƙasa da biyu yana jawo diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, awa biyu zuwa sama kashi 50, ana nema a shafinsu. In jinkirin ya sa ka rasa jirgi na gaba, ka nemi ma'aikaci ya ba ka shaidar makara tun kafin ka bar tashar, ka kai wa kamfanin na biyu. Tikitin da aka saya a haɗe ya fi samun kariya a kan wanda aka saya daban-daban. Ka ajiye rasit ɗin abinci da masauki.

Kuma kada ka saka ranar dawowarka ta zo daidai da ranar ƙarshe ta bizarka. In aka soke jirgin wannan rana, washegari kana cikin waɗanda suka wuce wa'adi, kuma sabon tsarin da aka ambata a amsar duba fasfo kwamfuta ce ke ƙirga kwanaki. Ka bar kwana biyu ko uku a tsakani. In kuma abin ya riga ya faru, ka karɓi rubutacciyar shaidar sokewar daga kamfanin ka nuna wa jami'in iyaka.